Shekarar da Babanku Ya Sa wa Bonet Shoka

Ladi da Dauda, wannan ɓangaren naku ne fiye da kowa. Na san abin da aka gaya muku a gidan Baba Yakubu lokacin da kuke makarantar kwana, kuma na lura har yau, Dauda, in zancen motar babanku ya taso sai ka kawar da kai ka kama wata magana. An ce muku ni na raba shi da sana'arsa. Wasu suka ƙara da cewa ni na taɓa masa hannu da asiri. Maganar farko gaskiya ce. Zan faɗa muku yadda aka yi, da Hausa, tunda yarenmu na Kona ba ku iya karanta shi, sannan ku yanke naku hukuncin.

Motar dai kun tuna ta, tsohuwar wagon ɗin nan mai ruwan toka da yake jigilar fasinja da kaya tsakanin Jalingo da Iware. Babanku Bitrus mutum ne da ba ya yi wa mota gyara sai ta ƙi tashi. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Gilashin gefen fasinja sai an sa filaya yake sauka. Na yi magana har na gaji a kan ƙarfen kujerar gaba da ke yaga wa mata zane, ya ce wanda ke son laushi ya je ya hau jirgin sama. Lagireto kuwa yana yoyo tun ina goyon Dauda, saboda haka kowace tafiya sai ya tsaya a hanya ya buɗe gaban mota ya ƙara ruwa. Bonet ɗin ƙarfe ne irin na da, mai nauyin gaske. Da hannu ɗaya ake ɗaga shi a riƙe, a sa ɗayan a jawo sandar ƙarfe a tokare shi. Ni kaina na sha taya shi wanke injin, na san nauyinsa a kafaɗata.

Wata yamma, damina ta fara sauka, ya dawo da wuri ya tsaya a ƙofar gida yana danna hon.

"Maman Ladi, fito ki ga abin mamaki."

Na fito da ludayi a hannu. Ya ja wayar buɗe bonet daga cikin motar, ya zagayo gaba, ya sa yatsu biyu na hannun dama ya ɗan tura bonet sama. Sai kawai na ga ƙarfen nan yana tashi da kansa, a hankali, yana wani huci kamar maciji, har ya miƙe ya tsaya ba tare da kowa ya riƙe shi ba. A gefe da gefe akwai wasu baƙaƙen sanduna biyu, kowace da siririn ƙarfe mai ƙyalli yana fitowa daga cikinta.

"Shoka ne," ya ce. "Irin na but, ƙofar kaya ta bayan mota, iska ce a ciki. Buba bakanike ya ciro su a jikin wata matacciyar mota, ya huda nan da nan ya ɗaure da noti. Ko kuɗin kaza ba su kai ba."

Maƙwabta suka taru. Ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, ana ta dariya ana cewa Bitrus ya zama babban mutum. Ni ma na yi dariyar, amma ina komawa gaban murhu sai abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya ƙi sayen hannun gilashi, ya ƙi gyara ƙofa, ya ƙi liƙe lagireto, me zai kai shi yi wa mota kwalliya a wurin da fasinja ba ya gani? Arahar abin ba ta kwantar mini da hankali ba. Na zauna da babanku tun ina yarinya, ban taɓa ganin ya sayi abu don yana da araha ba.

Zargina na farko ya faɗa kan yayansa. A lokacin Baba Yakubu yana ta zuga shi ya sayar da motar su haɗa hannu su shiga harkar haƙar duwatsu. Na ce lallai an fara gyara ta ne don mai saye. Duk baƙon da ya yi sallama sai na leƙa in ga ko motar yake kallo. In Yaya Yakubu ya zo suka zauna a gindin mangwaro, sai in ɗauki tsintsiya in share wurin da na riga na share. Ban ji komai ba sai zancen taki da na siyasa. Mai saye bai zo ba.

Sai wasu abubuwa suka fara fitowa waɗanda ba su da alaƙa da ciniki. Kofin shayi ya suɓuce masa ya fashe, ya ce ni ce ban goge shi ba. Wata rana ya dawo da fentin gefen mota a goge, na je na duba na ga irin fentin a jikin ginshiƙin ƙofarmu, ƙofar da ya shekara da shekaru yana shiga da baya ko madubi ba ya kallo. Ya fara fita da maɓallan riga a karkace. Ya daina cin abinci a tsakar gida, ya ce a riƙa kai masa ɗaki a ja labule. A addu'ar safe kuma wani lokaci harshensa yakan yi nauyi, kalma ta fito a murɗe. Na haɗa wannan da wancan, na ce burkutu ya dawo. Ku ba ku san shi da sha ba, domin ya bari tun kafin a haifi Ladi, amma ni na san shi da shi, na kuma san abin da na gani a shekarun. Na shiga sansanar rigunansa kafin in jiƙa. Na shiga lalube aljihu. Har na yafa gyale na je bayan unguwa wurin matar da ke dafa burkutu, na yi kamar dusa nake nema wa aladu, na sako sunansa a cikin hira.

"Bitrus?" ta ce, tana dariya. "Ai in ya hango tukunyata titi yake tsallakawa. Ki nemi ɓarawonki a wani gida."

Shi ma bai makance ba. Ya ga ina bin sa da ido, ya fara bina da nasa. Gidan ya zama kamar ofishin 'yan sanda, kowa na tsaron kowa. In na shigo ɗaki sai ya sa hannu a aljihu. In na tambayi yaya hanya, sai ya ce wa ya aiko ni.

"Me kike nema a wandona?" ya tambaye ni wata safiya.

"Wanki zan yi."

"To ki wanke. Ban ce ki yi bincike ba."

Da na rasa inda zan kama, sai na koma kan abin da ya fara tayar mini da hankali. Na hau keke napep na tafi garejin Malam Buba a Turaki. Buba Bafulatani ne, bakaniken babanku tun kafin aurenmu, mutum mai kunya, in yana magana da matar wani ƙasa yake kallo. Na same shi yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur. Muka gaisa, na ce:

"Malam Buba, shokan nan na bonet, shawararka ce ko shi ya nema?"

"Maman Ladi, mota ya tsufa. Bonet ya yi nauyi."

"Bana ya fara nauyi?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya bushe.

"Useni, don Allah, kar ki sa ni a tsakiya. Ni ƙarfe na sani, ban san mutum ba. Na dai gaya masa shokan tsoho ne, iskan ciki zai fita wata rana, kar ya dogara da shi."

Na juya zan tafi, raina a ɓace, sai na ji ya ce a bayana, kamar da ƙarfen yake magana:

"Kin daɗe ba ki bi shi Iware ba, ko?"

Ranar kasuwar Iware ta zagayo, na shirya na ce zan je sarin gyaɗa. Babanku ya ce in ba shi saƙo ya sayo. Na ce ba ya iya zaɓe. Ya ce mota ta cika. Na ce ai ba a fara lodi ba. A tasha ya nuna mini kujerar can baya, na yi kamar ban gani ba, na buɗe gaba na zauna kusa da shi, wata tsohuwa ta matso ta gefena. Bayanmu mata ne 'yan kasuwa, biyu da goyo, da wani dattijo mai riƙe da zakara. Ko gari ba mu gama fita ba na ga abin da na yi wata da watanni ina nema a aljihu. Hannunsa na hagu yana kan sitiyari, amma ɗora shi kawai aka yi, yatsun ba su kama komai ba. Da dama yake tuƙi. In zai canja giya dole ya saki sitiyarin, sai ya ɗago gwiwa ya danne shi daga ƙasa, ya jefa giyar da sauri, ya dawo ya cafke. Kowane canji motar sai ta ɗan yi gefe kafin ya dawo da ita. Na baya suna ta hirar farashin doya. Ni kuwa na riƙe ƙarfen kujera ina kallon manyan motoci suna wuce mu, iskarsu tana girgiza mu.

Mun yi nisa sai tururi ya fara fita, ya gangara gefe ya tsaya kamar kullum. Ya fita da jarkar ruwa, ni ma na fita. Ya tura bonet da yatsu, ƙarfen ya tashi rabi, ya yi ɗan huci, ya fara dawowa ƙasa. Ya sake turawa, ya sake dawowa. Shoka ɗaya ya mutu, mai ya jiƙa jikinsa, ɗayan kuma ba ya iya ɗaukar nauyin shi kaɗai. Babanku ya ajiye jarka, ya ɗaga bonet da dama, ya jefa hagu ciki don ya jawo tsohuwar sandar ƙarfe. Yatsun suka taɓa ta suka zame. Ya sake, suka zame. Dama ta gaji, ƙarfen ya suɓuce ya sauko a kan damtsen hagu, gefensa mai kaifi ya tsaga fata. Ni ce na yi ihu. Shi ko a jikinsa. Ya zaro hannun yana neman jarka, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga a kan takalminsa, bai sani ba sai da ya ga inda nake kallo.

Na sa hannu biyu da ka na ɗaga bonet ɗin na riƙe, ya zuba ruwa. Fuskokinmu suna kusa, ƙarfen ya kare mu daga fasinja.

"Kada ki ce komai a nan," ya ce a hankali.

Na yage bakin ɗankwalina na ɗaure masa. Na gaya wa matan ƙarfe ne ya yanke shi. Gyaɗar da ban saya ba ke nan.

Da muka dawo gida ya zauna a bakin gado, ya faɗa mini da kansa. Tun kafin ruwan farko ya tashi wata safiya ya ji bakinsa ya yi nauyi, hannun kuma kamar na wani aka liƙa masa. Bakin ya saki, hannun bai dawo ba. Ya je wurin wani mai magani a ɓoye, ana ba shi saiwa yana sha a tasha. Bonet ne ya fara tona shi, domin a gaban fasinja yake buɗe shi kullum, shi ya sa ya roƙi Buba ya nemo masa dabara.

"Mu je asibiti," na ce.

"Matan direbobi nawa ke aiki a can? Kafin in karɓi kati labari ya kai tasha."

"To ka ajiye motar."

"In ajiye mu ci me? Ladi tana ajin ƙarshe. Ki bar ni zuwa kaka, hannun yana dawowa, jiya ma na ji shi."

"Yau ƙarfe ya tsaga shi ba ka ji ba."

"Saratu," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin in haihu. "Ki rufa mini asiri."

Ina so ku san ban tashi daga nan na nufi tasha ba. Na roƙe shi da kuka, na roƙe shi da faɗa. Na ɓoye makulli a cikin buhun masara, ya haɗa waya ya tayar da motar. Buba ya nemo masa wani shokan ya sauya, aka koma kamar ba abin da ya faru. Na je wurin fasto, ya zo ya yi addu'a, babanku ya wurga hannun sama daga kafaɗa ya ce ga shi Ubangiji ya warkar, fasto ya tafi yana murna. Na je wurin Baba Yakubu, na durƙusa na gaya masa komai. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mutum yana fita lafiya yana dawowa lafiya, ke kina masa fatan ciwo. Yaya aka yi ke kaɗai kika san da wannan ciwon?"

Ban gane nauyin tambayar ba sai daga baya.

Kowace safiya motar ta ci gaba da fita. Ana haka na ji ya karɓi shatar kai 'yan biki Zing, mata da yara, a hanyar da ke da hawa da kwana, inda hannu ba ya rabuwa da giya. Na ce masa in ya karɓi wannan aikin zan je wurin ciyaman na tasha. Ya yi dariya, ya ce ba zan iya ba. Ana gobe tafiyar na je. Na sami ciyaman a rumfarsa, na roƙe shi ya kira babanku gefe, su biyu, ya ba shi hutu da sunan wani abu. Ya ce in kwantar da hankalina. Amma ban bar tashar ba sai da na ga abin da ya yi. Ya fito tsakiyar fili inda direbobi ke shan shayi, ya kira Bitrus, ya miƙa masa hannun hagu.

"Kama nan da hagunka ka matse."

Babanku ya dubi hannun, ya dubi mutane, sannan ya waiga ya hango ni a bakin ƙofar tasha. Bai ko gwada ba. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya bar motar a layi, ya taka da ƙafa har Kona. Na bi shi a baya, ban kuskura na matso ba.

Daga ranar ya daina yi mini magana. In yana son ruwa sai ya buga kofi a ƙasa. Buba ne ya lallashe shi ya kai shi asibiti, aka ce hawan jini ne ya taɓa shi, shanyewar ɓarin jiki ce ƙarama, kuma babbar tana iya zuwa ko yaushe, ko a kan gado ko a kan sitiyari. Aka ɗora shi a kan magani. Wannan bai hana dangi taruwa ba. Baba Yakubu ya kira zama a gindin mangwaronmu, aka sa ni a tsakiya a kan tabarma. Ya ce ni na fara sanin ciwon, ni na je wurin mai burkutu neman abin da ba a sani ba, ni na je gareji a ɓoye, ni na kai ƙara. Ya ce ina da ƙane da ba shi da aiki kuma ya iya tuƙi, kowa ya haɗa lissafin da kansa. Ya ce in dafa Littafi Mai Tsarki in rantse, in kuma tattara kayana. Wata gwaggonku ta tofa yawu a gabana. Na dubi babanku, yana zaune a kujera ya sunkuyar da kai. Ya bar su suka yi ta magana har rana ta karkata. Sai da aka kawo Littafin ya ɗago.

"Ku mayar da shi. Hannun nan ya mutu tun ba ta sani ba, ni na ɓoye mata. Ba inda za ta je."

Na fara kuka, na ɗauka an gama. Sai ya ƙara, ba tare da ya dube ni ba:

"Amma abin da ta yi mini a tasha, ni da ita ne."

Ya tashi ya shige ɗaki. Baba Yakubu ya tafi da rabin maganar da ya ga dama, ita ce kuka ji a hutun nan da kuka yi a gidansa.

An ba wani direba motar, ba ƙanena ba, ya ƙarasa ta, aka sayar wa masu ɓalle ƙarfe. Ni na kafa kasko a bakin ƙofar tashar nan, ina suyar doya da ƙosai, ina kallon wasu suna lodi a layin babanku. Da wannan kaskon kuka gama makaranta. Direbobi suna saye a wurina, amma in na juya baya ina jin ana cewa ga matar da ta kai mijinta ƙara. Wasu matansu suka daina gaishe ni a coci. Shi kuwa ya koma yi mini magana a hankali, ta abinci, ta yara, ta ruwan sama, amma bai sake bin titin tasha ba, ko jana'iza ce sai ya zagaya. Mun yi shekaru a haka, muna kwana ɗaki ɗaya, akwai maganar da ba ma taɓawa.

Shekarar da Ladi ta haifi ɗanta na fari, wani tsohon abokinsa ya rasu a Iware, ba kuma hanyar zuwa sai ta tasha. Ya sa farar rigarsa, na ɓalla masa maɓallai, muka tafi. Tsofaffin direbobi suka miƙe suna "Oga Bitrus, Oga Bitrus," aka fitar da wanda ke gaba aka ba shi kujerar. Ni na zauna a bayansa. Direban sabon hannu ne, yana taka birki kamar yana kashe kunama. Muna fita gari babanku ya fara: sassauta, ba shi hanya, wa ya koya maka shiga kwana da wannan giyar. Can direban ya faɗa wani rami da har makaho zai kauce masa, kawunanmu suka bugi rufi. Babanku ya dafe hula, ya ɗan karkato kai ta wajena.

"Maman Ladi, kina gani fa. Wannan hannu biyu gare shi. In mun sauka sai ki kai shi wurin ciyaman."

Ya yi dariya har da tari. Fasinja suka taya shi ba tare da sun san dalili ba. Ni na ja gyale na rufe fuska har muka isa Iware. Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan har ya koma ga Ubangiji, a kan gadonsa, a ɗakinsa, ba da ran kowa a wuyansa ba.